Ɗan Kokawar da Bai Iya Faɗuwa Ba: Nazarin Shekarar Jinya a Ƙasar Argungu

Wannan nazari ya shafi wani matashi ɗan kokawa daga wani ƙauye a ƙasar Argungu, jihar Kebbi. Kafaɗarsa ta dama ta goce sau biyu cikin wata guda, kakar kokawa ta wuce shi sukutum, sannan ya koma fage bayan kusan shekara. Ni malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare, kuma ina cikin mutum uku da suka riƙe shi a lokacin jinyar. Sauran biyun su ne maigidansa a kokawa da wani likitan gashin ƙashi a Birnin Kebbi. Da gangan na sakaya sunansa da na ƙauyen. Abin da ya sa na ga ya cancanci a rubuta shi ne, babu wanda ya taɓa zargin yaron nan da rashin zuciya. Kowa ya shaida yana da ita har ta yi yawa, kuma ita ce ta kusa raba shi da kokawa yana ɗan shekara 22.

Fagen da ya taso a ciki

A wannan yanki, da zarar gero ya shiga rumbu, shinkafar fadama ta fara shiga buhu, ganguna ke tashi a ranakun kasuwa da wuraren biki. Daga Argungu zuwa Kangiwa har Kamba a bakin iyaka, 'yan kokawa kan yi ta zagaya ƙauyuka, na jihar Dosso ta Nijar su tsallako, namu su tsallaka. A can Nijar kokawa ce babban wasan ƙasa. Tun 1975 aka fara gasar takobi a Tawa, wato gasar kokawa ta ƙasa da ake ba zakaranta takobi, kuma yau kowace jiha cikin takwas tana kai 'yan kokawa goma. Yaran ƙauyukanmu sun san sunan zakaran kokawa Isaka Isaka na Dosso fiye da yadda suka san na kwamishinan wasanni. A gida kuma babban buri shi ne a gan ka a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali tun 1934, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, kuma ban da kamun kifin a gulbin Matan Fada ana yin kokawa da dambe a cikinsa. Gaba da nan akwai zaɓen 'yan wasan jiha, da gasar wasanni ta ƙasa, da gasar ECOWAS irin wadda aka yi a Abuja a 2025, inda ake raba 'yan kokawa aji-aji bisa nauyi, daga kilo 66 zuwa 120.

Yaron manomi ne ɗan manomi. Ba dogo ba ne, amma yana da ƙugu da ƙafa, ga saurin kai hannu. Kaka biyu a jere ba a ga bayansa a ƙasa ba a duk ƙauyukan da yake zuwa. Makaɗa suka yi masa take, maroƙa suka haddace kirarinsa. Da liƙi da kyaututtukan fage ya sayi tumaki, ya gyara ɗakin mahaifiyarsa. Kada a raina wannan batu na kuɗi. Kokawa ce ke cike masa giɓin da ke tsakanin girbi da noman rani, kuma gidan sun fara sa rai da ita.

Gocewa biyu

Kayen farko ya same shi a farkon kaka, a hannun wani baƙo daga tsallaken iyaka da ya girme shi ya kuma fi shi nauyi. Baƙon ya harɗe masa ƙafa ya tura. Duk ɗan kokawar da ya sha kaye ya san a wannan gaɓar magana ta ƙare, sai ka naɗe jiki ka bi ƙasa. Shi bai san haka ba. Ya miƙa hannun dama baya yana neman tokarewa, nauyin mutum biyu ya sauka a kan hannu miƙaƙƙe a buɗe, kan ƙashin dantse ya fice daga mazauninsa ta gaba, kamar yadda sama da kashi 90 cikin ɗari na gocewar kafaɗa ke kasancewa. Abin takaicin, ko da hannun ya riƙe shi, a ƙa'idar wannan fage an riga an yi kaye.

A daren aka kai shi wurin maɗori, ya mayar da kafaɗar, ya ɗaure, ya ce kwana arba'in kada ya ɗaga ko tulu. Ba ni da ta cewa a kan maɗorin. Shawararsa ba ta yi nisa da abin da asibiti zai faɗa ba. Abin da babu a wurinsa shi ne hoton ƙashi, da kuma hanyar tilasta wa saurayi ya zauna.

Bai cika makonni uku ba aka yi biki a ƙauyensu, aka kira kokawa. Ya je kallo da hannu a rataye. Makaɗa suka hango shi suka saki takensa. Jama'a suka ɗauka. Waɗanda suka zauna kusa da shi sun ce tun kafin ya miƙe jikinsa ya fara tsuma. Maigidansa ya riƙe masa riga.

"Baba, in ban shiga ba cewa za a yi tsoro ni ka ji."

"Su ce. Kahwaɗar tasu ta ko taka ta? Zamna, ɗana."

Bai zauna ba. Ya zagaya bayan fage, wani aboki ya miƙa masa tramadol, ya kwance ɗaurin ya shiga. Ba a ma kai ga turawa ba. Abokin karawar, wanda a da ba ya minti guda a gabansa, ya kama hannun ya ɗaga sama kaɗan, kafaɗar ta sake ficewa. Wannan karon a gaban mahaifinsa da ƙannensa.

Washegari aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka mayar da kafaɗar, likita ya yi bayanin da ya kamata a ce ya ji tun farko. Kafaɗa ita ce gaɓar da ta fi kowace sakewa a jikin mutum, saboda mazaunin ƙashin ba shi da zurfi. Wani zobe na guringuntsi da jijiyoyi da tsokar da ke kewaye ne ke riƙe ta. Gocewar farko kan yage wannan zobe, kuma ba ya komawa daidai don kawai ciwo ya lafa. A cikin matasa 'yan ƙasa da shekara 25 masu wasan haɗa jiki, fiye da rabi kafaɗar kan sake gocewa. Hanya biyu ce a gabansa: hoton MRI, mai nuna jijiyoyi da guringuntsi, da tiyata, sannan kimanin wata shida kafin a yi maganar fage, ko kuwa gashi da atisayen ƙarfafa tsokar da ke kewaye da gaɓar, da sanin cewa haɗarin yana nan. Gidan ba su da kuɗin ta farko. Aka ɗauki ta biyu.

Game da ƙwayar da ya sha, a taƙaice: tramadol ba ya gyara komai, yana kashe ƙararrawar da jiki ke bugawa ne kawai. Wanda hukuma ta amince da shi a Najeriya mai miligiram 50 ne da 100, amma wanda ke yawo a hannun samari sau da yawa ya ninka haka, kuma yawansa na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa. Duk ɗan kokawar da ke mafarkin wakiltar jiha ya sani.

Me ya tayar da shi daga inda yake zaune?

A nan ne na fi son tsayawa, don amsar da mutanen ƙauyen suka bayar ita ce "jarumta", wasu kuma suka ce "wauta", kuma duka biyun ba su kai ga tushen abin ba.

Yaron nan ya shekara biyu yana jin ana kiransa wanda ba a kayarwa, har sunan ya zama shi ne shi. Mutumin da ya gina kansa a kan cewa ba ya faɗuwa, kaye guda ya isa ya rushe shi gaba ɗaya, domin ba wasa ɗaya ya rasa ba, sunansa ya rasa. Makonnin da ya yi a ɗaure ba kafaɗa ce ta hana shi barci ba. Bidiyon kayen ne da ke yawo a WhatsApp, da yaran da suka daina binsa in zai tafi kasuwa. Ranar bikin, kiɗan ya ba shi ƙofar goge wannan abin kunya nan take, shi kuwa bai taɓa koyon zama da kunya na kwana biyu ba. Abin da ya yi kama da rashin tsoro, tsoro ne tsantsa: tsoron bakin mutane ya fi ƙarfin tsoron nakasa. Muna cewa faɗuwar gaba asarar namiji, kuma a tsakiyar fage gaskiya ne. Amma karin maganar bai ce kome ba game da wanda gabansa ke faɗuwa in an ce masa rago.

Sai kiɗan kansa. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da ganga ana kiran sunan kakansa ba zai ɗauka ƙari ake yi. Take yana shiga jiki kafin ya isa ga tunani: bugun zuciya ya ƙaru, tsiga ta tashi, ciwo ya ja baya. An yi shi ne don ya aikata haka. Ban ga laifin makaɗan ba, sana'arsu ke nan, kuma liƙin da ake yi wa gwani su ma suna ci a ciki. Sai dai a fagenmu babu wani mai ikon cewa wane ba zai shiga ba saboda rauni. Babu ma'aikacin lafiya, babu mai duba kowa. Hukuncin yana hannun saurayin da ake wa kiɗa, wato mutumin da ya fi kowa rashin cancantar yanke shi a wannan lokacin.

Akwai kuma abu na uku, wanda maigidansa ne ya gano shi, ba ni ba. Ya ce yaron bai iya faɗuwa ba. Da farko na ɗauka zambo ne. Ashe magana ce ta sana'a: yaran da suka taso ana kayar da su kullum a yashi, jikinsu ya koyi naɗe haɓa, da matse hannu a ƙirji, da mirginawa a kan kafaɗa da baya. Shi ƙarfinsa ya raba shi da wannan makaranta tun yana ƙarami. Shekarun da ya yi ba a kayar da shi ba, su ne suka bar shi da wannan rami, a jiki da kuma a zuci.

Watannin ɗaki

Bayan dawowa daga asibiti ya shige ɗaki. Ya daina fita majalisa, yana kwana ido biyu ya wuni barci, ya daina cin abinci da 'yan'uwansa, ƙaramin abu ya daka wa ƙannensa tsawa. Ya kuma ƙudurta cewa jifa aka yi masa. Mahaifiyarsa ce ta aiko a kira maigidan. Ya kamata a san cewa wannan ba baƙon abu ba ne. Kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da matsaya a 2019 kan lafiyar ƙwaƙwalwar 'yan wasa, kuma rauni na cikin manyan abubuwan da ya ambata suna jefa su cikin damuwa. In irin wannan hali ya zarce makonni biyu ba sauƙi, ko mutum ya fara maganar gara ya mutu, magana ta wuce ta maigida da malami, ta zama ta likita. Nasa bai kai can ba, amma mun sa ido.

Maigidan bai yi masa gardama a kan jifa ba. Ya ce to, a yi addu'a, a yi sadaka, kuma an yi. Sannan ya ɗaga nasa hannun na hagu, wanda ba ya wuce kafaɗa, ya ce shi ma a zamaninsa jifa aka ce, ya bi malamai ya bar hannu, ga abin da ya rage masa. Daga nan ya kafa masa doka guda wadda na ɗauka ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya: duk inda za a yi kokawa a kakar nan, sai ya je. Zai ɗauki jarkar ruwa da hannun hagu, ya taya ƙananan yara ɗaura warki, ya zauna kusa da makaɗa. Ba zai shiga ba.

Na yi shakkar wannan shawara. A ganina kai mai ƙishi bakin rijiya ne a ce kada ya sha. Amma tsohon ya fi ni sanin abin da yake yi. Ya je ya sami shugaban makaɗan suka shirya: makonnin farko ba za a taɓa taken yaron ba. Daga baya a buga shi gajere, a ƙarshen wasa, lokacin da jama'a ke watsewa. Daga baya kuma a buga shi a tsakiyar taro, cikakke, da kirari. Aikin yaron shi ne ya zauna, ya ja numfashi ta hanci a hankali, ya sake shi a hankali ya fi tsawon jan, ya ƙirga har kiɗan ya wuce. Masu ilimin halayyar ɗan Adam suna da wannan dabara a littattafansu, ta fuskantar abin da ke tayar maka da hankali kaɗan-kaɗan har jiki ya saba. Tsohon bai taɓa karanta ta ba.

Yaron ya faɗa mini daga baya cewa a duk shekarar babu abin da ya kai wannan zama wuya. Samari na wucewa suna jefa magana, wani ya ce an zama mai ɗaukar ruwa, wani ya kwaikwayi yadda ya riƙe hannu ran da ya faɗi. Sau ɗaya ya tashi ya bar wurin ya tafi gida a ƙasa. Mako na gaba ya dawo. Zuwa ƙarshen hunturu ana buga takensa yana zaune yana ɓare gyaɗa, kuma masu jefa maganar sun gaji, don ba daɗi a tsokani wanda ba ya motsi.

Aikin da ba mai tafa masa

Likitan gashin ya rubuta atisaye, ni kuma na mayar da shi abin da za a iya yi a ƙauye. Da farko lilo da hannu a sunkuye, da hawa bango da yatsu. Muka sa layi da gawayi a bangon zaure inda yatsun suka tsaya, kowace Juma'a a sake sabo. Bayan makonni aka shigo da robar tayar keke a ɗaura a turke yana ja, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ciki da waje. Daga baya turawa a bango, sannan a ƙasa. Ƙafa da ƙugu kuwa ba su da ciwo, don haka tun farko yana gudu a yashin bakin gulbi da asuba, yana tsalle-tsallen kwaɗo. Da bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40, komai ya koma bayan sallar asuba da bayan isha'i. Da azumi kuwa sai bayan ya sha ruwa ya huta.

Muka ba shi littafin rubutu irin na 'yan firamare. Kowace rana ya rubuta abu uku da ajami: abin da ya yi, nawa ya yi, da yadda ciwon yake daga ɗaya zuwa goma. Na hana shi rubuta wani buri da ya wuce mako guda. Dalilina shi ne, in ka tambaye shi burinsa a lokacin, amsa ɗaya ce: ya kayar da baƙon nan. Wannan buri ba ya hannunsa. Bai san ko baƙon zai dawo ba, kuma ba abin da zai yi yau da safe da zai nuna masa ya matsa kusa. Layin gawayi kuwa yana gani da idonsa ya ɗaga da faɗin yatsa biyu. Mutumin da aka ƙwace wa komai yana bukatar abu guda, komai ƙanƙantarsa, da yake ƙarƙashin ikonsa. Wani masani a Ingila, Peter Clough, da abokan aikinsa sun kasa ƙarfin zuciyar ɗan wasa gida huɗu a 2002: iko da kai, cika alƙawarin da ka ɗaukar wa kanka, kallon wahala a matsayin abin gwada kai, da yarda da kai. Yaronmu na ukun da na huɗun sun yi masa yawa tun asali. Na farko da na biyu ne babu, kuma su ba a samunsu a fage, sai a zaure da robar keke.

Ba a tafi sumul ba. Da damina ta kankama, ciwo ya tafi, aikin gona ya taso, sai ya saki atisayen kusan wata guda. Littafin ne ya tona shi, shafuka fari fat. A irin wannan gaɓa mafi yawan masu jinya ke sulalewa, ba a lokacin zafin ciwo ba: abin ya daina ciwo, ya daina ban sha'awa, kuma ba wanda ke kallo. Abin da ya farkar da shi, ya ɗaga buhun taki zai aza a ka, ya ji kafaɗar ta yi wani motsi kamar za ta zame. Ɗora kaya a ka na sa hannu a daidai yanayin da ya fi haɗari, a sama kuma a buɗe. Muka hana shi ɗaukar kaya a ka har ƙarshen damina, abin da ya jawo ƙorafi a gida, don ga ƙato ana aikin gona yana zaɓen aiki. Mahaifinsa ne ya tsaya masa.

Tsoron da ya rage a hannu

Zuwa watan takwas ƙarfin hannun dama ya kusa kamo na hagu, likitan ya yarda a fara riƙo. Nan wata sabuwar matsala ta fito. Da zarar an kai hannu za a ɗaga masa dantse, sai ya janye, jikinsa duka ya sandare, ya ba da baya. Ba da niyya yake yi ba. Likitoci sun san wannan alama, har da ita suke gwada kafaɗar da ta taɓa gocewa. Kuma ba a kafaɗa kaɗai abin yake ba. Wani nazari da aka buga a 2014, wanda ya tattara sakamakon dubban 'yan wasa da aka yi wa tiyatar jijiyar gwiwa, ya gano kashi 55 cikin ɗari ne kawai suka koma gasa, kuma tsoron sake jin rauni na cikin abubuwan da ke hana komawa. Gaɓa kan warke ta bar mai ita a baya.

Yaron ya ji kunyar wannan fiye da komai, ya so ya ɓoye. Muka ce masa tsoron nan ba aibi ba ne, labari ne jiki ke ba shi, aikinsa ya tantance wanne ne gaskiya wanne ne tsohon zance. Aka fara da yara 'yan shekara goma sha huɗu suna kama masa hannu a hankali, shi ne mai cewa a tsaya. Aka ƙara nauyi da sauri mako bayan mako. Maigidan ya sauya masa tsayuwa: ƙafar hagu gaba, hannun hagu ke neman riƙo, na dama a ƙasa kusa da jiki, gwiwar hannu ba ta barin haƙarƙari. Ya rasa wani ɓangare na saurin da aka san shi da shi. Ya ƙaru da haƙurin jira abokin karawa ya yi kuskure, abin da a da ba ya yi ko kaɗan.

Sai darasin faɗuwa. Kowace yamma a yashi, kafin a fara komai, sai an kayar da shi sau ashirin. Ƙannensa a kokawa ke yi, waɗanda a da ko kusa da shi ba sa zuwa, shi kuma ba a yarda ya hana ba. Haɓa a ƙirji, hannu a naɗe, a mirgina, a miƙe. Kwanakin farko fuskarsa kamar zai yi kuka, yaran ma suna jin nauyin abin. Maigidan ya ce duk wanda ya sassauta masa shi zai karɓi ashirin ɗin. Da dare kuma mukan kalli bidiyon gasar takobi a waya, ba don dabarun kayarwa ba, don ya ga yadda manya ke yi in an kai su ƙasa: su miƙe, su karkaɗe yashi, su rungumi wanda ya kayar da su. Isaka Isaka ya sha ɗaukar takobi, amma akwai shekarun da ya kuɓuce masa, kuma ya dawo.

Komawa fage

Ya koma a kakar da ta biyo, a wata ƙaramar kasuwa nesa da gida, da gangan. Aka haɗa shi da wani matsakaici. Suka daɗe suna zagaye, ya yi jinkirin kai hannu, aka ɗauke masa ƙafa. Ya naɗe hannu ya mirgina ya miƙe. An yi masa ihu, wani maroƙi ma ya yi masa habaici. Maigidan ya matsa kusa ya taɓa kafaɗar.

"Lahiya?"

"Lahiya lau, Baba. A samo mani wani."

Ya kayar da na biyun. A sauran kakar ya yi nasara a mafi yawan karawarsa, an kuma kayar da shi ba sau ɗaya ba. Kafaɗar ba ta fita ba. Baƙon da ya fara kayar da shi bai zo ba a shekarar, kuma yaron ya daina tambayarsa. Liƙi ya ragu sosai, don jama'a sun fi son wanda ba a taɓa kayarwa ba, kuma makaɗa sun sami sabon yaro a wani ƙauye suna yi masa irin abin da suka yi wa wannan. Akwai wata rana da ya ji kafaɗar ta yi tsami tun da safe, ya je fage, aka buga takensa, ya ɗaga hannu ya gaishe da makaɗa ya koma ya zauna. Babu wanda ya riƙe masa riga. A wurina wannan ce babbar nasarar shekarar, ko da yake babu wanda ya liƙa masa ko sisi a kanta.

Inda ake yanzu, ra'ayi ya rabu. Maigidan yana so a kai shi zaɓen 'yan wasan jiha, yana ganin in ya shiga ajin kilo 76 ba zai riƙa haɗuwa da waɗanda suka fi shi nauyi ba kamar yadda ake yi a ƙauye, kuma a can aƙalla akwai alƙali da ma'aikatan lafiya. Likitan gashin ya ce zoben da ya yage yana nan a yage, tsoka ce ke rufa masa asiri, kuma gocewa ta uku na iya fara cin ƙashin kansa; shi a ganinsa a yi hoton MRI kafin a ƙara ko taki ɗaya. Ni ina bayan likitan. Yaron ya saurari kowa, ya ce zai sayar da tumaki biyu bayan girbin shinkafar rani ya yi hoton, abin da ya nuna shi zai bi. Maigidan bai ji daɗi ba, don zaɓen na iya wucewa kafin nan, kuma har yau bai daina mita ba.